Tsohuwar Motar Lantarki a Bakin Cajar Sauri: Jagora ga Sabon Shiga

A watan Afrilun da ya wuce wani bawan Allah ya shigo garejinmu ransa a ɓace, da Nissan Leaf ƙirar 2013 da aka sauko masa da ita daga Amurka.

"Maigida, a duba mini motar nan, an cuce ni. Injin caji an rubuta masa kilowat 120 ɓaro-ɓaro, amma ita 18 take ja. Ko wata waya ce ta ƙone a ciki?"

Na ce, "Alhaji, da wane lokaci ka jona ta?"

"Bayan azahar."

"Kafin nan a ajiye take, ko tafiya ka yi?"

"Tun hantsi nake kan titi."

"Saura nawa a batirin lokacin da ka jona?"

"Kashi 65."

Na ce masa, "Alhaji, motarka lafiyarta ƙalau. Da ta ja abin da kake so ta ja, da yanzu cinikin wani batir muke yi."

Ba shi ne na farko ba. Na daɗe ina aikin riwaya kafin in koma kan motocin lantarki, kuma ƙorafin nan ya fi kowane yawa a wurin sababbin shiga. Kullum kuskuren iri ɗaya ne: mutum ya karanta lambar da ke jikin injin caji ya ɗauka alkawari aka yi masa. Zan gina bayanina a kan Leaf, domin ita na fi sani, kuma tana cikin tsofaffin motocin lantarki mafi arha a kasuwar na-hannu.

Wa ke riƙe da linzami?

Lambar jikin injin caji iyakar abin da zai iya bayarwa ce. Abin da zai shiga batir kuwa, mota ce ke yankewa. Da zarar an jona, kwamfutar da ke kula da batir tana faɗa wa injin yawan wutar da take so, tana kuma sake faɗa sau da dama cikin daƙiƙa guda. Injin ɗan aike ne. Abin da aka ce ya kawo shi yake kawowa.

Lissafin ba wuya. Ka ninka bolt da amfiya, ka raba da 1,000, ka sami kilowat. Batirin Leaf na farko, mai kilowat-awa 24, ƙwayoyi 192 ne aka haɗa biyu-biyu a jeri 96, ƙarfinsu wajen bolt 360, yana kusantar 400 idan ya cika. Cajar saurinta ba ta wuce wajen amfiya 125. To 125 sau 380 ya ba ka kilowat 47 da rabi. Nan ne rufin ɗakin. Ko injin mai 350 ka kai ta, ba za ta ɗaga kai sama da haka ba. Hyundai Ioniq 5 da ta fito a 2021 tana tashi daga kashi 10 zuwa 80 cikin minti 18 ne saboda tun daga tushe an gina ta a kan tsarin bolt 800, da ruwan sanyaya batir. Leaf kuwa a Disambar 2010 aka fara sayar da ita. Kada ka haɗa tseren ɗan maraƙi da tsohon sa.

Wannan 47 ɗin ma sai komai ya yi daidai. Abubuwa uku ke rage shi: cikar batir, zafinsa, da tsufansa. Matakan da ke tafe duk a kansu suke yawo.

Kayan da za ka tanada

- Wayar salula da manhajar LeafSpy. Allon gaban direba taƙaitawa yake yi. Wannan manhajar ce ke faɗa maka ainihin abin da ke cikin batir.
- 'Yar na'urar OBD2 mai Bluetooth, wadda ake cusawa a ramin da ke ƙarƙashin sitiyari. Ba kowace mai arha ke magana da Leaf ba, saboda haka ka gwada kafin ka biya. Idan ka gama ka zare ta, domin wasu suna tsotsar ƙaramin batir ko mota a kashe.
- Mitar gwajin wuta, don ƙaramin batir mai bolt 12.
- Tocila da busasshen tsumma.
- Kati ko manhajar biyan kuɗin wurin cajin, a shirye tun daga gida.
- Littafi da biro. Kada ka raina wannan, zan dawo kansa.

1. San bakin motarka

Buɗe murfin da ke hancin motar. Baki biyu ya kamata ka gani. Ƙaramin na cajin gida ne, wutar AC, wadda ke bi ta cajar da aka gina a cikin motar, mai kilowat 3.3 a ƙirar farko, ko 6.6 a wasu daga 2013. Babban mai zagaye shi ne na sauri, wutar DC da ke zarcewa batir kai tsaye. Akwai Leaf da aka sayar ba tare da babban bakin ba, domin a wasu samfura zaɓi ne da ake ƙara wa kuɗi. Na ga wanda ya biya kuɗin mota da na jirgi da na kwastan, sai da ta iso ya tarar da baki ɗaya. Ka sa a turo maka hoton hancin a buɗe kafin ka tura ko kwabo.

Sunan babban bakin CHAdeMO. Kamfanonin Japan ne suka kafa ƙungiyarsa a 2010, ciki har da Nissan da Mitsubishi da kamfanin wutar lantarki na Tokyo, kuma sunan wasa ne da kalmomin Japananci na tayin shan shayi, wato ka ɗan kurɓi shayi kafin mota ta cika. Sai dai duniya ta juya masa baya. Turai ta tsaya a kan CCS2, Amurka ta bi CCS1 sannan ta karkata ga bakin Tesla, motocin da aka yi don kasuwar Sin kuma GB/T suke amfani da shi. Ko sabuwar Leaf ta 2025 da ake kai wa Turai da Amurka ta bar CHAdeMO. Don haka kafin ka nufi wurin caji, tambayar farko ita ce ko suna da kan da ya dace da motarka. Maganar kilowat nawa ta biyo baya.

Akwai adafta da ke haɗa CCS da CHAdeMO. Ba ƙarfe da roba kawai ba ce, tafinta ce, domin harshen da tsarin biyu ke magana da shi daban ne, shi ya sa take da 'yar kwamfuta a cikinta kuma take da tsada. Tana buɗe maka ƙofar wasu injuna, amma ba ta ƙara wa motarka ko kilowat ɗaya a kan iyakarta, kuma ba kowane inji take jituwa da shi ba.

Mai Renault Zoe ta kafin 2019 shi kuma ba shi da bakin DC sam. Wutar AC mai layi uku take sha, kilowat 22, wasu 43. Tana kuma da tsantseni: idan wayar ƙasa ta wurin ba ta da kyau, ƙin caji take yi ƙememe. Wanda ya san yadda ake wayarin a gidajenmu ya san abin da nake nufi.

2. Auna lafiyar batir kafin ka zargi kowa

A gefen dama na allon Leaf ta farko akwai 'yan siraran sanduna 12. Ba su ne ke nuna cika ba, lafiyar batir suke nunawa. Sanda ta farko tana ɓacewa idan batir ya rasa wajen kashi 15 na ƙarfinsa, sauran kuma kowace wajen kashi 6. Mota mai sanda 9 ke nan tana da wajen kashi 70. Sabon batir mai 24 yana ba direba wajen kilowat-awa 21, saboda haka naka ya koma kusan 15.

Me ya haɗa wannan da sauri? Tulun ya ƙanƙance, wuyansa kuma ya tsuke. Wutar da sabon batir zai shanye cikin kwanciyar hankali ta zama lodi a kan tsoho, ga kuma turjiyar cikinsa ta ƙaru, yana saurin ɗaukar zafi. Sai kwamfuta ta fara rage wuta tun da wuri.

Jona LeafSpy ka duba abu uku. Na ɗaya SOH, lafiyar batir cikin ɗari. Na biyu Hx, wanda ke sauka yayin da turjiya ke hawa. Na uku, wanda aka fi mantawa da shi, tazarar da ke tsakanin ƙwaya mafi ƙarfi da mafi rauni, da milibolt ake auna ta. Ayari da tafiyar gurgun raƙumi yake tafiya: ƙwaya ɗaya mai rauni takan riga sauran isa iyakarta, sai a rage wa duka 96 wuta saboda ita. Ka duba tazarar lokacin da batir ya yi ƙasa, a nan mai rauni take tona kanta. Manhajar tana kuma nuna sau nawa aka taɓa yi wa motar cajin sauri. Dillali zai iya ce maka wata tsohuwa ce ke zuwa cefane da ita. Lambar ba ta san kara ba.

Sannan ka sa mita a ƙaramin batir, mota a kashe. Lafiyayye yana wajen 12.6. Idan ya gangaro kusa da 12 ko ƙasa, canza shi. Shi ke tayar da kwamfutoci, shi ke rufe manyan makunnan da ke haɗa babban batir. Sau da yawa "mota ta ƙi karɓar caji" a nan maganar take ƙarewa.

3. Zaɓi lokaci, domin zafi ne babban abokin gaba

A nan zan daɗe, don a nan ake kashe batir.

BMW i3 tana sanyaya batirinta da gas irin na iyakwandishan. Chevrolet Bolt da Tesla da ruwa suke yi. Hyundai Ioniq ta 2016 fanka gare ta mai hura iska cikin batir. Tsohuwar Leaf ba ta da ko ɗaya. Batirinta akwatin ƙarfe ne a rufe ruf a ƙarƙashin kujeru, zafin da ya shiga sai dai ya fita a hankali ta jikin ƙarfen. Batir mai nauyin kusan kilo 300 ba ya hucewa don ka tsaya shan lemo. Sa'o'i yake ɗauka, wani lokaci dare guda.

Ba yau aka gano haka ba. A 2012 masu Leaf a birnin Finiks na jihar Arizona, inda zafin bazara ke haura digiri 40, suka fara ganin sandunansu na zubewa cikin shekara ɗaya ko biyu. Maganar ta kai kotu, Nissan ta ƙara garanti a kan ƙarfin batir, daga baya ta sauya haɗin sinadarinsa a ƙirar 2015 don ya fi jure zafi. Duk wanda ya yi watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai ya san yanayin Finiks ba baƙo ba ne a wurinmu. Darasin mutanen Arizona namu ne kai tsaye.

Zafin da wuta ke haifarwa a cikin batir ba daidai da yawanta yake hawa ba: idan amfiya ta ninka biyu, zafi ninki huɗu yake yi. Shi ya sa rabin awa na cajin sauri ya fi dare guda na cajin gida gasa batir. Gudu a babban titi shi ma wuta mai yawa yake ja, shi ma gashi ne. Alhajin da na ba ku labari ya tara ukun: gudu tun hantsi, kwalta mai ƙuna, sannan cajin sauri a kai.

Abin yi: ka yi cajin sauri da sassafe bayan motar ta kwana tana hucewa, ko can cikin dare. Ka ajiye ta a inuwa, ba don fenti ba, don abin da ke ƙarƙashinta. Idan tafiya ce, ka sassauta ƙafa a kilomita 15 ko 20 na ƙarshe kafin wurin caji. Ma'aunin zafi da ke hagun allo yana taimakawa, amma sanda ɗaya a tsakiyarsa tana rufe digiri da yawa. LeafSpy ce ke ba ka lamba. Ni dai idan na ga batir ya haura 45 ba na jonawa sai dole ta kama, idan kuma ma'auni ya taɓa ja, ko dole ba na yi. Kunna iyakwandishan yana sanyaya ka ne kai kaɗai. Kuma don Allah kada ka watsa wa ƙasan mota ruwa wai ta huce. Na ga an yi.

'Yan uwa da ke ƙasashen sanyi, matsalarku kishiyar wannan ce. Batir mai sanyi ƙanƙara shi ma a hankali yake karɓa, don tura masa wuta da ƙarfi yana lalata ƙwayoyin. Ku yi caji bayan tafiya, ba kafinta ba.

4. Iso da yunwa, amma ba a galabaice ba

Batir ya fi karɓa da sauri idan ya yi ƙasa. Ka iso da kashi 10 zuwa 20. Kada dai ka kai har hoton kunkuru ya fito a allo, alamar motar ta rage ƙarfi tana shirin tsayawa. Tsohon batir ba shi da tabbas a ƙasan nan, kuma inji na iya kasancewa a lalace ko babu wuta. Ka bar abin da zai kai ka wani wuri.

5. Jona yadda ya kamata

Sa giya a P, ja birkin ajiyewa, kashe motar gaba ɗaya. Haska tocila cikin bakin motar da kan cajar: ƙura, yashi, tsatsa, baƙin ƙuna, fashewar roba. Ƙurar hunturu tana taruwa a nan, kuma haɗin da bai zauna ba zafi yake yi. Goge gefen da busasshen tsumma. Kada ka cusa ƙarfe ko yatsa cikin ramukan. Kan da ya fashe ko kebul da ya ɓare, bar shi, ka gaya wa masu wurin.

Kan CHAdeMO yana da nauyi. Riƙe shi da hannu biyu, tura shi a miƙe har ka ji ya kama, sannan ka tayar da caji a jikin injin. Zai kulle kansa, ya yi gwajin 'yan daƙiƙu, sannan wuta ta fara. Babban maɓalli ja da ke jikin injin na gaggawa ne. Masu danna shi don sun gama suna barin inji a kashe ga na bayansu.

6. Tsaya ka karanta minti biyar na farko

Kada ka jona ka tafi cin abinci. Minti biyar ɗin nan su ke raba gardama. Idan batir yana kashi 15, zafinsa bai kai 35 ba, lafiyarsa da dama, ya kamata ka ga sama da kilowat 40. Idan ka ga lamba ta tsaya cak a 20 ko 30 ba ta motsi, ka zargi injin: ko iyakarsa ke nan, ko yana raba wuta da motar da ke gefe, ko wutar da ke ciyar da shi ce ba ta kai ba. Idan kuwa ta fara sama ta riƙa gangarowa a hankali, motar ce, kuma aikinta take yi.

Rubuta a littafinka: rana, lokaci, kashi nawa ka fara, zafin batir, kilowat mafi yawa, minti nawa. Bayan caji goma za ka san halin motarka fiye da duk wani bakanike.

7. Cire da wuri

Ka tuna masallacin Juma'a. Waɗanda suka zo da wuri shiga suke yi su zauna ba jira. Idan wuri ya kusa cika, kowane sabon zuwa sai ya tsaya yana leƙen giɓi a sahu. Haka batir yake. Nissan ta ce Leaf ta farko, idan batirinta sabo ne, tana kai kashi 80 cikin wajen minti 30. Daga nan zuwa 100 yana iya cin wani lokacin kamar wannan ko fiye. A tsohon batir gangarowar tana farawa tun wajen rabi. Idan wurin da minti yake lissafin kuɗi, asara biyu ke nan, ga batir cikakke kuma mai zafi, wanda shi ne yanayin da ya fi tsufar da shi.

Ka ɗauki abin da zai kai ka inda za ka da ɗan rara, ka tafi. Tsayar da caji a jikin injin tukuna, jira kulle ya saki, sannan ka zare. Idan ya ƙi fita kada ka yi kokawa da shi, ka kira masu wurin.

8. Caji na biyu da na uku a rana guda

Leaf mai kilowat-awa 40 ta zo da ƙirar 2018, batir ya ƙaru, sanyaya kuwa babu. Masu doguwar tafiya a Turai suka lura cajin farko yana zuwa da sama da 40, na biyu ya ragu, na uku ya faɗo wajen rabi, domin kowane caji yana ɗora zafinsa a kan na baya. Surutu ya yi yawa har Nissan ta fitar da gyaran manhaja da ya sassauta ragewar, amma gyaran manhaja ba ya sa wa batir fanka.

Gaskiyar da dillali ba zai faɗa maka ba ita ce, Leaf ta 2011 tana sabuwa hukumar kare muhalli ta Amurka kilomita 117 ta auna mata. Kano zuwa Zariya ya fi haka nisa. Mai sanda 9 motar cikin gari ce: kai yara makaranta, ofis, kasuwa. A wannan aikin tana da daɗi da arha. Idan dole ta sa ka yi nisa da ita, tafiyar kilomita 80 a awa takan riga ta 110 isa, don mai gudu a bakin caja yake biyan bashin lokacinsa.

9. Mayar da cajin gida abincin yau da kullum

Cajin sauri na ranar buƙata ne. A gida, cikin dare, a hankali, batir ba ya zafi, kuma idan ka bar shi ya cika lokaci-lokaci kwamfuta tana samun damar daidaita ƙwayoyin. Ka daidaita cikar da lokacin fitarka, kada ta cika ta wuni a rana.

Hattara da kebul ɗin da ya zo a but ɗin tsohuwar Leaf 'yar Amurka. Na bolt 120 ne, wutar gidajenmu kuwa 230. Motar kanta tana karɓar duka biyun, amma akwatin da ke jikin kebul ɗin ba ya karɓa; ana cusa shi a soket yake ƙonewa. Karanta rubutun bayansa. Ka sa mai wayarin ya ja maka layi na musamman da waya mai kauri da wayar ƙasa ta gaske, ba soket ɗin firji ba.

Akwai lokacin da laifin na mota ne da gaske: caji yana yankewa bayan minti biyu a injuna daban-daban, fitilar gargaɗi ta kama, tazarar ƙwayoyi ta haura milibolt 100 tun batir bai yi ƙasa sosai ba, ko kashi yana faɗowa tsalle-tsalle idan ka hau tudu. A nan ka tsaya. Duk waya mai ruwan lemo a motar nan kusan bolt 400 take ɗauke da shi, kuma cire kan ƙaramin batir ba ya kashe abin da ke cikin babban. Kada ka bari yaron gareji ya kusance ta da sifana don ya iya gyaran kikstata. Kawo ta wurin wanda ke da safar hannu ta babbar wuta da horon aikin, ka taho da littafin nan naka, domin shafinsa za mu fara buɗewa kafin mu ɗaga motar.